Shekarun da aka rufe hanyar Urushalima

Kafin 2020 abin da muka sani game da tafiya ƙasar waje bai wuce abu uku ba: fasfo, biza, da katin rigakafin shawara. Idan iyayenmu za su je ziyarar ibada Isra'ila, mu matasa ne muke cike masu takardu, mu raka su ɗaukar hoto, zumuntar mata kuma ta yi masu waƙar rakiya. Wahalar duka ta kuɗi ce.

Sai korona ta zo. A watan Maris na 2020 Isra'ila ta hana baƙi shiga, Najeriya ma ta rufe filayen jiragenta ga tafiyar ƙasashen waje, ba a sake buɗewa ba sai 5 ga Satumba. Da aka buɗe, sai muka tarar biza kaɗai ba ta isa ba. Sai ka yi gwajin PCR kwanaki kaɗan kafin tashi, kuma idan jirgi ya yi jinkiri takardar tana iya mutuwa a hannunka, ka sake biya. Daga baya aka ƙara da katin allura. Allurar kuwa ba ta iso Najeriya ba sai 2 ga Maris 2021, kusan miliyan huɗu ta shirin COVAX, a ƙasar da mutanenta sun haura miliyan 200. Wannan ya yi mana ciwo: ana tambayarmu takardar abin da bai kai ga yawancinmu ba tukuna.

Ranar 1 ga Nuwamba 2021 Isra'ila ta buɗe wa masu allura, da sharaɗin cewa allurar ƙarshe ba ta wuce wata shida ba. Murnarmu ba ta kai wata guda ba. Omikron ya ɓullo, aka sake rufewa kafin ƙarshen watan. A Disamba Ingila ta sa Najeriya cikin jerin ƙasashen da ta hana shiga, ta cire mu bayan kwana tara kacal, amma waɗanda suka shirya zuwa Kirsimeti wurin 'ya'yansu sun riga sun yi asara. Ba mu ce kada ƙasa ta kare mutanenta ba, mu ma mun binne namu. Abin da ya gajiyar da mu shi ne dokar da take canzawa tsakanin sayen tikiti da ranar tashi.

A cikin wannan hali ne Hukumar Kula da Ziyarar Ibada ta Kiristoci ta Najeriya ta juya akala zuwa ƙasar Urdun a 2021. A ikilisiyarmu magana ta rabu biyu. Wasu suka ce in ba Urushalima ba, ai ba a je ba. Wani dattijonmu, wanda ya yi shekaru yana tara kuɗin daga fanshonsa, ya ce zai jira. Wata mamarmu gwauruwa kuwa ta ce, "'Ya'yana, gwiwoyina ba za su jira gwamnati ba, ku cike mani takardar." Muka cike.

Ta dawo tana ba mu labarin wurin baftisma a ƙetaren Urdun, inda Yahaya ya yi hidimarsa, da taswirar nan ta ƙananan duwatsu a daɓen majami'a a Madaba. Amma Dutsen Nebo ne ya fi tsaya mata a rai. Daga can ana hango Tekun Gishiri da Yariko, in sararin sama ya washe har tuddan Urushalima. A nan Musa ya tsaya ya ga ƙasar da bai shiga ba, kamar yadda muke karantawa a Maimaitawar Shari'a sura 34. Ta ce da jagora ya nuna masu wajen Yariko, babu wanda ya iya magana cikinsu, sai wata ta ɗauko waƙa, suka bi da hawaye.

Ranar 1 ga Maris 2022 Isra'ila ta buɗe wa kowa, mai allura da marar allura, sai dai gwaji. A lokacin fasfon Baba saura wata uku ya mutu, ana kuma bukatar aƙalla wata shida. Muka fara masa sabuntawa. Kafin sabon ya fito, ciwon ƙafa ya kwantar da shi, likita ya ce doguwar tafiya ba yanzu ba. Kuɗin suna nan, ya hana a taɓa. Duk wanda zai je gaishe shi ranar Lahadi bayan sujada, ya shirya, zai tambaye ka nawa ne kuɗin kujera bana.