Dutse Ko Yumɓu?

Duk wanda ya saba bin hanyar Kaduna zuwa Abuja ya san Dutsen Zuma, wanda yake tsaye kusa da Madalla da fuskar nan tasa da ba ta sauyawa. In kuwa matafiyi ya zarce Gwagwalada ya nufi Lokoja, to zai ratsa garin Kwali, ƙasar magina tukwane. A tsakanin dutsen nan da yumɓun can muka yi shekaru muna koyar da adabi, kafin wani ɗalibi ya sa mu gane cewa da ɗayansu muke auna mutane.

Wata rana muna koyar da adon harshe, muka zo kan siffantawa, wato a ɗauki abu a ce shi ne wani abu kai tsaye, ba tare da an sa “kamar” ko “tamkar” ba. Sai muka nemi kowa ya siffanta Abuja cikin jimla guda. Wata ɗaliba mai fara'a ta ce Abuja amarya ce, kwalliyarta ta fi girkinta. Wani mai yawan ƙorafi ya ce tasha ce, kowa da jakarsa a hannu. Da muka zo kan wani shiru-shiru da ke zama a bayan aji, sai ya miƙe ya ce, “Malam, Abuja babban birnin tarayya ne tun 1991.” Aji ya kwashe da dariya. Mu ma muka yi murmushi, muka yanke hukunci a zuci cewa wannan ba a halicce shi don adabi ba. Ai masu iya magana sun ce hali zanen dutse ne.

Ba mu rasa madogara daga littattafai ba. Tun a 1921 masanin halayyar ɗan Adam, Carl Jung, ya karkasa mutane: akwai mai fuskantar jama'a, akwai mai komawa cikin ransa, akwai wanda ba ya yarda sai da abin da ya gani ya taɓa, akwai mai hango abin da ke bayan zahiri. Muka jefa ɗalibin namu cikin rukunin masu gani da taɓawa, muka rufe. Daga ranar muka daina kiran sunansa in ana feɗe waƙa.

Da zango ya kusa ƙarewa sai ya same mu a ofis, yana neman a ƙara masa lokacin miƙa jinga. Muka tambayi dalili. Ya sunkuyar da kai ya ce, “Allah ya gafarta Malam, ginin bai sha ruwa ba tukuna. In na ɗora masa wani sahu yanzu, tsagewa zai yi.” Muka yi kasaƙe. Ashe ɗan magini ne, da hutu yana taya mahaifinsa ɗora bulo. Ashe da siffantawa yake tunani, sai dai tasa daga siminti da yashi take fitowa, mu kuwa ta furanni da taurari muke jira.

Wannan ya mai da mu ga abin da George Lakoff da Mark Johnson suka bayyana a littafinsu na 1980, cewa siffantawa ba ta mawaƙa ce kaɗai ba, da ita kowa yake tunani. Hausa kanta shaida ce. Ba mu da hanyar bayyana hali sai mun ari launi ko zafi ko tsawo: farin ciki da baƙin ciki, zafin rai da sanyin hali, taurin kai, zurfin ciki, dogon buri. Wanda bai taɓa rera baiti ɗaya ba, da waɗannan yake wuni. Saboda haka bambancin halaye bai raba mutane zuwa masu siffantawa da marasa ita ba. Abin da ya bambanta shi ne rumbun da kowa yake ɗiba, da kuma wurin da yake sakin jiki ya ɗiba. Mai surutu a gaban jama'a yake baje tasa, mai kunya sai ya sami kunne ɗaya da ya amince da shi.

Bugu da ƙari, siffantawar da mutum ya riƙa tana juya hukuncinsa. A 2011 wasu masana a Jami'ar Stanford ta Amurka, Paul Thibodeau da Lera Boroditsky, sun ba mutane labarin yawaitar laifuffuka a wani gari. Waɗanda aka siffanta musu laifi da mugun naman daji sun fi karkata ga kamu da ɗauri. Waɗanda aka ce musu cuta ce sun fi neman a magance tushenta. Haka ya faru da mu. Da muka ɗauki hali dutse ne, sai muka ga babu amfanin wahala a kan yaron.

Ladi Kwali, wadda hotonta yake jikin takardar naira 20, ta riga ta ƙware a ginin tukwane irin na Gwari kafin ta shiga cibiyar Michael Cardew a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, a 1954. A can ta koyi sabuwar dabara, amma ba ta yar da zanen kadangaru da kifaye na gidansu ba. Mai ginin tukunya ta san kowane yumɓu da irin nasa, wani mai danƙo, wani mai yashi, kuma ba ta jefar da shi don ya ƙi miƙuwa a taɓawar farko.

Mun ba ɗalibin mako guda. Jingar da ya kawo ta nazarci wata waƙa ne ta fuskar harsashi da ginshiƙi da rufi, kuma tana cikin mafi kyau da muka duba a shekarar. Har yanzu mukan ba sababbin ɗalibai aikin siffanta Abuja. Sai dai in wani ya ba mu amsa busasshiya, ba ma bari a yi masa dariya. Mukan tambaye shi sana'ar gidansu.