Hannun Baba Mai Bishara

Duk shekara idan aka gama tsinkar auduga, motocin masara suka fara jerin gwano zuwa kasuwannin Funtuwa da Dandume, ƙurar hunturu ta lulluɓe gari, sai zuciyata ta koma kan wata tafiya da muka yi zuwa ƙasar Nijar a farkon shekarar 1996. Ina da shekara ashirin da biyu a lokacin, ban taɓa wuce Katsina ba.

Ni haifaffen wani ƙauye ne tsakanin Malumfashi da Kafur. Kakanninmu Maguzawa ne. Na tashi na tarar da kakata tana yanka jan zakara a gindin tsamiya duk lokacin da yaro ya kwanta ciwo a gidanmu. Mahaifina ne ya fara karɓar bishara, ta bakin masu wa'azin da ke fitowa daga tashar mishan ta SIM a Malumfashi, daga nan gidanmu ya zama na Ikilisiyar ECWA. Saboda haka tun ina ƙarami na san cewa tambayar da ke damun mutumin ƙauye ita ce: idan ɗana ya kwanta cikin dare, wa zan kira?

A wannan shekarar wata 'yar ƙaramar Ikilisiya da ke wani ƙauye a jihar Maraɗi ta aiko da wasiƙa, tana roƙon a zo a taya ta wa'azi na mako biyu. Kuɗin tafiyar daga baikon godiyar kaka ya fito. Wani ya kawo buhun masara, wani dami biyu na dawa, wata tsohuwa ta kawo kwaryar waken suya. Mu tara muka tashi: fasto, uwar zumunta da mata biyu, wani malamin asibiti, mu samari uku, sai wani dattijo da kowa ke kira Baba Mai Bishara.

Baba ba shi da yatsu. Kuturta ta cinye su tun yana saurayi, sai dungu. Idan zai buɗe Littafi Mai Tsarki, sai ya danne shi da gwiwar hannu, ya riƙa tura shafi da gefen tafinsa. Ba shi da murya mai ƙarfi. Ni kuwa a lokacin kaset-kaset na manyan masu wa'azi sun cika mini kunne, inda ake cewa guragu sun jefar da sanduna, makafi sun ga haske. Da wannan buri na hau motar. Na ɗauka da mun ƙetare iyaka za mu ɗora hannu, cuta ta gudu, ƙauye ya tuba. A ɓoye ma ina tambayar kaina yadda mutumin da bai warke ba zai yi wa wani addu'ar warkewa.

Muka bi ta Kankiya zuwa Katsina, muka miƙe Jibiya, muka shiga Ɗan Isa. Ba a daɗe da sojojin Ibrahim Ba'are Mainasara suka kifar da gwamnatin Mahamane Usman a watan Janairu ba, don haka jandarmomi suka duba kayanmu ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, an ce mun shiga wata ƙasa, amma Hausa ce ake yi ko'ina. Sai dai kuɗi ya koma sefa, ana lissafi da dala da jika, asibiti ya zama gidan likita, ƙasa kuma ta koma rairayi. Mu da muka saba da jar laka mai ba da masara mai goyo biyu, sai ga karan gero a tsaye cikin yashi, itatuwan gawo jefi-jefi.

Mai garin Musulmi ne. Shi ya ba mu zaurensa, matansa suka aiko da fura a ƙwarya. Kiristocin ƙauyen ba su wuce gida biyar ba, majami'arsu rumfar kara ce. Da yamma mukan kunna fitilar aci-balbal, matan zumunta su buga tulu da caki, yara su taru, fasto ya yi wa'azi.

Ba mu san cewa mun shigo cikin shekarar sanƙarau ba. Daga baya ne aka ƙirga cewa a Najeriya kaɗai cutar ta kama mutum fiye da 100,000, ta kashe fiye da 11,000 a 1996. Nijar ma ba ta tsira ba.

A dare na huɗu wata mata ta faɗo zauren ba sallama, tana cewa, "Bayin Allah, ku taimake ni, ɗana zai mutu." Muka bi ta. Yaron bai wuce shekara shida ba, yana kwance a tabarma, jiki kamar garwashi, wuya ya sandare, ƙeya ta tanƙware baya. Na ce a raina ga ranar da na zo dominta. Na durƙusa, na ɗora hannu, na ɗaga murya ina tsawata wa cutar cikin sunan Yesu har gumi ya jiƙa mini riga. Baba bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Amin." Sannan ya taɓa ni da dungunsa ya ce, "Ɗana, tashi maza ka taya uban yaron nan ɗaura shanu."

Na ce, "Baba, ai mun yi addu'a."

Ya ce, "Mun fara dai. Sauran a hanya za mu yi ta."

Malamin asibitinmu ya riga ya faɗa masa a kunne cewa sanƙarau ne, kuma allurarsa ba ta cikin jakarsa. Muka ɗora yaron a amalanke. Tafiyar kusan awa uku ce cikin yashi zuwa gidan likita mafi kusa. Har yau ina jin kukan ƙafar amalanken nan. Uwar ta rungume ƙafafun ɗanta, uban yana kora shanu yana ta salati, Baba kuwa ya tallafe kan yaron a cinyarsa, ya ɗora wannan tafin nasa marar yatsu a goshinsa. Bai ɗaga shi ba har muka isa. Addu'arsa a hankali take fita, kamar mai hira da wanda ke zaune kusa da shi: "Ubangiji, ka ga yaron nan. Naka ne. Ka ba shanun nan ƙarfi. Ka sa mu tarar da likita a farke."

Muka tarar da shi a farke. Aka yi wa yaron allura kafin asuba. Bayan kwana biyar ya tashi zaune ya nemi fura. Kunnensa ɗaya ya toshe, amma ya rayu. Ranar da aka dawo da shi, uban ya kawo mana zabi biyu, mai gari ya ce Allah ya saka da alheri.

Da a nan labarin ya tsaya, da shi zan riƙa bayarwa a matsayin shaida a gaban jama'a. Amma kafin mu bar garin, wata yarinya 'yar gidan ɗaya daga cikin Kiristocin ta kamu. Mun yi azumi, dattawa sun shafa mata mai kamar yadda wasiƙar Yakubu ta koyar, mun ɗaura shanun nan dai. Ta cika a hanya, gari bai ko ɓace mana da gani ba.

Bayan an rufe ta na koma bayan rumbu na zauna ina kuka. Na ɗauka ƙarancin bangaskiyarmu ne ya kashe ta. Nan Baba ya same ni. Ya zauna a ƙasa, ya miƙo mini hannuwansa biyu ya ce, "Duba nan."

Ya ba ni labarin yadda danginsa suka yi masa bukka a bayan gari, da yadda ya taka da ƙafa har Babbar Ruga kusa da Katsina, asibitin kutare da 'yan mishan na SIM suka karɓi riƙonsa tun 1937. Can ya sha ƙwayar dafson shekara da shekaru har cutar ta tsaya. Can ya koyi karatu. Ya ce abin da ya fara karya masa zuciya shi ne ranar da wata ma'aikaciya ta kama hannunsa ta wanke gyambon ba tare da ta kau da kai ba, alhali ya shekara uku ba wanda ya taɓa shi.

"Shekara arba'in ina roƙon Allah ya mayar mini da yatsuna," in ji shi. "Bai mayar ba. Amma ya bar mini tafi, ya ce in riƙa ɗorawa a kan na kwance. Ɗana, warkarwa tasa ce, ba a ƙwace ta da ihu. Namu shi ne mu roƙa, mu ɗauki marar lafiya mu kai shi inda magani yake, in kuma Ubangiji ya karɓi abinsa, mu zauna da masu kuka."

Haka kuwa ya yi. Kwana uku yana zaune a ƙofar gidan makokin, bai yi wa'azi ko sau ɗaya ba. Limamin garin ya zo gaisuwa, suka zauna tabarma ɗaya.

A hanyar dawowa muka tsaya a asibitin kutare na Danja, kudu da Maraɗi. Baba ya bi majinyata gado-gado yana gaisawa da su, dungu cikin dungu, suna dariya kamar 'yan uwa da suka daɗe ba su haɗu ba.

Baba ya daɗe da komawa ga Ubangiji. Fasto ma haka, uwar zumunta ma haka. Hanyoyin da muke bi da dare ba fargaba, yanzu ko da rana sai an yi tambaya kafin a bi wasunsu. Ina kewar zamanin da buhun masara shida da fitila ɗaya suka isa a ƙetara iyaka a je a gai da 'yan uwa. Wani lokaci nakan tuna yaron nan, in ce yanzu shi ma magidanci ne, wataƙila yana karkato da kunnensa mai ji idan 'ya'yansa na yi masa magana.

Yau ni ma dattijon Ikilisiya ne a Funtuwa, kuma akan buga mini ƙofa da tsakar dare a ce wane ba lafiya, a zo a yi addu'a. Ina zuwa, ina kuma gaskata cewa Allah yana ji. Amma kafin in fita, nakan ɗauki Littafi Mai Tsarki a hannun dama, makullin babur a hagu.