Kwalliyar babur da ta karya hannun mai shayi

Da hannuna na yanke bayan babur ɗina. Ba wanda ya sa ni, ba kuma wanda ya taya ni. Zarto na ara a wurin maƙwabci, na zauna gindin darbejiyar tsakar gidanmu bayan la'asar, na datse makarin taɓon da ke rufe tayar baya, na kwance fitilar da kamfani ya sa, na jefa ta cikin wani tsohon kwano tare da jan gilashin nan mai mayar da haske. Da na miƙe na ja baya na dubi aikin, sai na ji kaina ya yi girma. Wata mata mai sayar da shayi ce ta biya kuɗin wannan girman kan, da wuyan hannunta na dama, alhali ko sunana ba ta sani ba.

Ƙauyenmu yana gaɓar Shuɗin Nilu ne, kudu da Sinnar, ba nisa da Mai Wurno, garin da Muhammadu Bello Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa a 1906, bayan an kashe mahaifinsa a Burmi a 1903. Kakanninmu da ƙafa suka zo, wasu a sawun hijirar Mai Wurno, wasu a hanyar Makka suka yada zango, zangon ya zama gida. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin audugar Jazira, hannunsu na cikin hannuwan da suka yi tsinka. A 1966 aka ƙara ta Rusairis can wajen Damazin. Yau manyan wayoyin lantarki suna ratsa samanmu sun nufi Khartum, amma kwaltar da ta taso daga Madani ta bi Sinnar ta wuce Sinja babu fitila a gefenta da zarar ka fita gari. Bayan isha'i, abin da ke kan wannan hanya ana ganinsa ne kawai idan shi ya nuna kansa. Na san haka tun ina yaro, kuma saninsa bai hana ni komai ba.

'Yan shekaru kafin yaƙin 2023 ne na sayi Boxer na hannu, da kuɗin albasa. Babur ne na aiki, kamfanin Bajaj na Indiya ya ƙera shi don ɗaukar buhu da mutum biyu, ba don a tsaya kallonsa ba. Ni kuwa kallon nake so. A Facebook nake ganin baburan da samarin wasu ƙasashe suke gutsure wa baya, taya a fili, fitila siririya kamar an ja layi da alƙalami. A kasuwar Sinnar kuma kayan Sin sun cika shaguna, da araha: ƙananan fitilu farare masu kashe ido, agogon gudu mai lambobi, siginoni kamar ƙwayar dabino. Na zaɓa, na biya, ban tambayi kowa komai ba, don kada a ce ban iya ba.

Aikin gaba bai ba ni wuya ba. Na ɗaura fitilu biyu a gefen babbar, na jawo musu wuta daga batir. Na cire tsohon agogo mai allura, wanda igiya ke juya shi daga tayar gaba, na sa sabo mai shuɗin haske da ke ƙirga da maganaɗisu. Irin wannan sai an gaya masa girman taya kafin ya faɗi gaskiya, ni kuwa takardar da ta zo da shi ko buɗe ta ban yi ba. Don haka ina tafiyar da jaki zai iya bina, agogo yana ba ni labarin gudun da ban taɓa yi ba. Akwai ma hoton tankin mai da ke ta ƙiftawa dare da rana, don ba ni da wayar da zan haɗa masa. Duk wannan abin dariya ne, kuma a gabana yake, ina gani.

Na baya shi ne ba na gani.

Fitilar da na cire ƙwai ɗaya gare ta mai zare biyu: na wat 5 da ke kunne muddin an kunna fitila, da na wat 21 da ke tashi idan an taka birki. Tazarar da ke tsakanin biyar da ashirin da ɗaya ita ce maganar da babur ke yi wa na bayansa, cewa zan tsaya. Murfinta ja ne, mai faɗi, an kafa ta a sama inda taɓo ba ya kaiwa. A ƙasanta ga jan gilashin da ba ya buƙatar waya ko batir, hasken motar da ke bayanka yake karɓa ya mayar mata. A madadin waɗannan na manna wata 'yar siririya mai baƙin murfi, wadda ko a shago sai da mai kayan ya kare ta da tafin hannu kafin na ga haskenta. Na manna ta ƙarƙashin sirdi, daidai saitin taya.

Wajen haɗa wayoyi na fara cin karo. Na ga koriya a fitila, na ga koriya a babur, na murɗe su tare. Ashe kayan Sin tsarin Honda suke bi, inda koriya ce ke mayar da wuta jikin ƙarfe, a Boxer kuwa baƙa mai ratsin rawaya ce ke wannan aikin, koriyarsa ta siginar hagu ce. Fitila ta shiga hauka, tana ƙiftawa duk sa'ad da na ba da hannu. Na warware, na yi ta gwadawa har ta daidaita, na ɗaure wayar a ƙarƙashin wani ƙusa da na samu kusa, ko fentin wurin ban kankare ba. Ba dalma, ba komai, murɗawa ce da baƙin salatif. Bayan kwanaki fis ya ƙone. Na sa wani, shi ma ya ƙone. Maimakon in nemi inda waya ke gogar ƙarfe, sai na zare silin tagulla daga wata tsohuwar waya na naɗa a gurbinsa. Ya daina ƙonewa, na ce na yi maganinsa.

Babur ya yi ta faɗa mini, ban saurara ba. Sababbin siginonin ba sa jan wutar da ƙwai mai wat 10 yake ja, sai suka riƙa ƙiftawa da sauri kamar an kore su, ni kuma na ɗauka salo ne. Ham ya shaƙe, alamar batir na shan wahala. Sannan damina ta sauka. Wanda bai san baƙar ƙasar Jazira da Sinnar ba, ba zai gane ba: da rani tsagewa take har ƙafar akuya ta shige, da ruwa ya taɓa ta sai ta koma danƙo. Taya ba makari, sai ta riƙa ɗebo wannan laka tana watsa mini a gadon baya. Matata ta gaji da wankin jallabiya, ta yi magana, na ce yayi ne. Kullum ina goge agogo da gefen rawani. Ban taɓa zagayawa in ga abin da lakar ke yi wa fitila ba, balle ƙusar da na ɗaure waya.

Daren da abin ya faru ina dawowa ne daga Sinnar, an yi yayyafi da magariba. Gabana tar, don babbar fitila daga koyil take shan wuta kai tsaye, ba ruwanta da abin da ke faruwa a baya. Can na hango wani abu yana walƙiya a tsakiyar hanya. Amalanken jaki ne cike da kara, mai shi ya rataya tsohon faifan CD a baya da igiyar leda, shi ne ya kama haskena. Ga babbar mota na tahowa ta ɗaya hannun, babu damar wucewa. Na taka birki da ƙarfi. Ban gama tsayawa ba na ji ƙarar taya a bayana, sai wata raksha, wato abin da mutanen Kano ke ce wa A Daidaita Sahu, ta wuce ta gefena ta dama kamar za ta goge ni, ta sauka daga kwalta, ƙafa ɗaya ta nutse a laka, ta kife. Butoci da kofunan gilashi suka watse a ƙasa, garwashin da ya rage a murhu ya yi ta ƙara cikin ruwa. Dattijuwa mai shayin da rakshar ta ɗauko tana zaune a cikin taɓo, ta riƙe hannunta na dama da na hagu, ba ta yi kuka ba, salati kawai take yi.

Mutane suka taru, kamar yadda aka saba, kowa ya zama alƙali. Hukunci ɗaya suka yanke: na baya shi ne da laifi. Yaron da ke tuƙa rakshar, wanda bai kai ƙanena ba, yana ta rantsuwa da Allah cewa bai ga komai ba sai da ya zo kaina. Wani ya ce barci yake yi, wani ya ce waya yake latsawa. Aka ɗauki matar zuwa asibiti a Sinnar. Ni har sannu aka yi mini.

Da safe na jingina babur, na tayar da shi, na sa ƙanena ya taka birki, na tsaya a baya. Babu komai. Na kankare busasshiyar lakar da ta rufe fitilar da farce, na ce ya sake takawa. Babu komai. Na taɓa wayar da ke ƙarƙashin ƙusa, ta zo a hannuna, bakinta ya yi kore da tsatsa. Na dubi ƙanen nawa, ya dube ni, na ce masa ya je ya yi harkarsa.

Wannan shi ne ainihin laifina, ya fi na zarton muni. Yankan babur wauta ce, amma shirun da na yi da sani na yi shi. Ina ji ana cewa mai rakshar ya ƙwace makullinsa daga hannun yaron, ina ji ana cewa an sa wa matar filasta har gwiwar hannu, ga 'ya'ya marayu da shayin ke ciyarwa, na yi gum. Dabarar da na yi ita ce in kai babur a gyara a ɓoye, a can nesa da ƙauye, wurin wani tsoho mai gyaran wutar mota.

Tsohon ya ɗaga sirdi, ya ɗaga murfin gefe, ya zaro silin tagullar nan ya ɗaga shi sama. Ya bi wayar fitilun gaba da yatsa har wuyan babur, ya nuna mini inda ta goge, robar ta narke, ɗan taƙi kaɗan daga tiyon mai.

"Wa ya yi maka wannan aikin, ɗana?"

"Ni ne, Usta."

"To fis ɗin da ka ga yana ƙonewa, kai yake karewa. Fitilar bayan nan kuma, tun yaushe ta mutu?"

Na ce ban sani ba. Gaskiyar ke nan, kuma ita ce ta fi ba ni kunya. Ya yi shiru yana goge hannu da tsumma, sannan ya ce ya ji labarin wata raksha da ta kife a hanyar Sinja, ya tambaye ni ko ni ma na ji. Bai ƙara ko kalma ba, ya koma kan aikinsa.

A daren na je wurin kawuna na faɗa masa komai. Na zaci zai yi faɗa, sai ya tambaye ni abu ɗaya: "Yaron nan yana da aiki yanzu?" Na ce a'a, Kawu. Ya ce in zo da asuba, in sa tufafin kirki. Muka fara da gidan mai raksha, na faɗa a gaban mutane cewa babur ɗina ba shi da fitilar baya ko ta birki a daren, kuma na gano haka tun washegari na ɓoye. Daga nan gidan yaron, wanda bai iya ko kallona ba, kuma ban ga laifinsa ba. Daga ƙarshe gidan matar. Na durƙusa na ce, "Inna, ni na jawo miki." Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Ɗan nan, na yafe don Allah. Amma da ka zo tun ranar, da yaron can bai sha zagi ba." Dattawa suka zauna aka yi sulhu irin namu, na ɗauki kuɗin magani da gyaran raksha da abin da za ta ci har hannu ya warke. Albasar shekarar gaba ɗaya can ta tafi. Hannun ya haɗe, amma babbar buta ta fi ƙarfinsa har yau, 'yarta ce ke zubawa.

Ban zama mai ƙin kwalliya ba. Matashin da ya yi shekara yana sunkuye a gona, in ya so babur ɗinsa ya yi kyau, hakkinsa ne. Farar fitilar zamani ma in an sa ta daidai ta fi tsohuwar haske da ƙarancin cin wuta. Abin da na ƙi yarda da shi yanzu shi ne cewa bayan babur mallakar mai babur ne shi kaɗai. Agogo nawa ne, in ya yi ƙarya ni ya yaudara. Jar fitila kuwa ta mutumin da ke bayana ce, wanda ban sani ba, na taɓa masa kaya ba da izininsa ba. Mai amalanke da faifansa na bola ya fi ni kiyaye wannan hakki. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, ya kai Madani a Disambar shekarar, ya kai Sinja a tsakiyar 2024, ya raba mutane da yawa da baburansu da abin da ya fi babur, har wani zai ga labarin hannu ɗaya ba abin ambato ba ne. Sai dai wannan hannun ba yaƙi ne ya karya shi ba.

'Yan'uwa masu babur, a Sinnar kuke ko a Maraɗi ko a Zariya, in za ku sake fitila ku bari mai sana'ar ya haɗa wayar da dalma, ku sa fis a gurbin fis, ku bar makarin taɓo da jan gilashi a inda kamfani ya sa su. Kafin ka hau hanya da dare kuma, juya bayan babur ɗinka ga bango, ka taka birki, ka waiwaya ka ga ko bangon ya yi ja. In bai yi ba, ka kwana a inda kake.