Babangida, ɗan Kaduna da ya gagari kamu a faifan Japan

Duk wanda ya yi ƙuruciya a Kiru ko Kwanar Dangora bayan shekarar 2000 ya san shagon gem. Ƙaramin ɗaki ne, da benci ɗaya ko biyu, da talabijin mai ƙeya, janareto na ta ruri a bakin ƙofa. Yara sun yi cincirindo, kowa ya dunƙule 'yan canjinsa yana jiran layi, wanda aka cinye ya miƙa hannun gem ya tashi. A cikin akwatin kuma wani mutum yana ta kwarara ihu da Japananci, babu mai jin abin da yake faɗi, amma kowa ya san muryarsa idan ƙwallo ta shiga raga.

Sunan mai ihun Jon Kabira, wasan kuma Winning Eleven ne na kamfanin Konami, wanda ya fara fitowa a 1995. Shi ne daga 2001 Turai ta sani da Pro Evolution Soccer, yara suka taƙaita shi zuwa PES.

Na'urar da ake buga shi a kanta, wato PlayStation, daga saɓani aka haife ta. Sony da Nintendo sun yi yarjejeniyar ƙera na'ura mai cin faifan CD tare. A watan Yunin 1991, a wani baje kolin kayan lantarki a Chicago ta Amurka, Sony ta sanar da aikin. Washegari Nintendo ta fito ta ce ita da Philips za ta yi tafiya. An kunyata Sony a bainar jama'a. Injiniya Ken Kutaragi ya dage sai an ci gaba, shugaban kamfanin Norio Ohga ya ɗaure masa gindi, ranar 3 ga Disamba 1994 PlayStation ta shiga kasuwar Japan. Ita kuwa Nintendo ba yarinya ba ce: an kafa ta a Kyoto a 1889 tana buga katin wasa na takarda, zamanin Sarkin Kano Muhammadu Bello ke nan, shekara 14 kafin Turawa su ci Kano.

Amma abin da ya ɗaure yaran Kiru da faifan Winning Eleven ba tarihin kamfanoni ba ne. Nijeriya ce a ciki, kuma Nijeriyar da ake jin tsoro. Masu tsara wasan sun auna 'yan wasa da lambobi, gudu da ƙarfin bugu da juriya, a daidai lokacin da tawagar da ta ci zinare a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996 take kan ganiyarta. Akwai Kanu, akwai Okocha, akwai Taribo West da kitsonsa. Sai kuma Tijani Babangida, haifaffen Kaduna a 1973, ɗan wasan gefe na Ajax ta Holan, wanda aka ba shi gudu har ƙurewar ma'auni.

To a nan fa ake yin ta. Dabara ɗaya ce, kuma kowane yaro ya haddace ta: a zura masa ƙwallo ta gefen dama, a danne maɓallin gudu, sai dai masu tsaron baya su bi ƙurarsa. Har rigima ake yi kafin a take wasa a kan wanda zai ɗauki Nijeriya. A fili ma ba ƙarya aka yi masa ba. Waɗanda suka kalli wasan kusa da na ƙarshe na Kofin Afirka na 2000 a Legas sun ga ƙwallaye biyun da ya jefa wa Afirka ta Kudu. Sai dai faifan ya kai sunansa inda ƙafarsa ba ta taka ba. A Brazil da Indonesiya, manyan da suka tashi da Winning Eleven har yau suna ambaton Babangida idan ana hirar mai gudu, wasunsu ba su taɓa ganin wasansa na gaske ko na minti ɗaya ba. Abin alfahari ne, kuma abin takaici ne a ce ba a cika ba da wannan labari a Arewa ba.

Akwai wani abu da ke ɗaure wa yara kai a lokacin: sunayen wasu taurari sukan zo a karkace, Roberto Carlos ya koma Roberto Larcos. Ba kuskuren rubutu ba ne. Konami ba ta sayi izinin amfani da sunayen ba, sai ta murɗa su kaɗan yadda mai wasa zai gane.

A 2021 kamfanin ya sauya wa wasan suna zuwa eFootball, ya mai da shi kyauta, har a waya ake saukewa. Matashin Kiru na yau yana zaune a gindin darbejiya da wayarsa, yana karawa da wani a Jakarta, wanda wataƙila mahaifinsa ya taɓa danne maɓallin gudu da Babangida.