Zuwa ga Abba, kan ranar da za ka ajiye aiki



 Na zaɓi in rubuta maka a fili ne saboda sa'o'inka masu albashi duk halinku ɗaya, wata bai raba ba aljihu ya bushe. Ka ce mini maganar tanadin tsufa sai abubuwa sun daidaita. Abba, ban yarda da wannan jiran ba.

Muna samari, kafin 1986, naira ta fi dala daraja a hukumance. Gwamnatin Babangida ta kawo shirin SAP, aka karya naira, kuma waɗanda suka ajiye aiki bayan nan suka tarar fanshon da aka lissafa musu ba ya kai su ko'ina. Su ma cewa suka yi bari ƙura ta lafa. Kai kuma ka ga naka da idonka. Ranar 29 ga Mayu, 2023 aka cire tallafin mai, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta wuce 1,000. Dala ta tashi daga wajen naira 460 ta zarce 1,500 a farkon 2024. Hukumar ƙididdiga ta ce a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. Ka lissafa: naira 100,000 da ka ɓoye shekara guda kafin nan, cefanen 74,000 kawai za ta yi maka. Kuɗin da ke kwance a irin wannan zamani gishiri ne a damina.

Fara da abin da yake naka tun yanzu. Ni a tsohon tsari na yi ritaya, inda ake jiran gwamnati ta ga dama, tsofaffi na layin tantancewa a rana, wasu su rasu ba su ga garatutinsu ba. Ku dokar fansho ta 2004, wadda aka gyara a 2014, ta ba ku asusu da sunanku. Ana cire maka kashi 8, wurin aikinka ya ɗora aƙalla kashi 10, kuma doka ta ce a zuba kuɗin cikin kwanakin aiki bakwai bayan biyan albashi. To, yaushe rabonka da ka duba ko suna shiga? Cirewa daban, zubawa daban. Akwai ma'aikatan da sai da furfura ta cika musu kai suka gano an yi shekaru ana yankar albashinsu ba a kai ko sisi ba. Ka riƙa karɓar bayanin asusunka kana bin sa wata-wata. In ka ga giɓi, ka yi magana a ofis, in ba a ji ba ka rubuta wa hukumar fansho ta PenCom. In kamfanin da ke juya kuɗin bai gamsar da kai ba, tun 2020 kana da damar canza shi sau ɗaya a shekara. Na san kana ƙyamar kuɗin ruwa, kuma ina alfahari da haka. A asusun fanshon akwai rukuni na shida da aka ware wa masu gudun riba, ka nemi a mayar da kai can.

Doka ta yarda wanda ya rasa aiki wata huɗu ya ciri kashi 25 na abin da ya tara. Allah ya kiyaye, in hakan ta same ka, kada ka taɓa shi sai ta kai maka wuya.

Amma fansho ma naira ce, abin da ke cin albashi shi ke cin ta. Dole ka kafa wani abin a gefe. Tun 2017 gwamnatin tarayya ke sayar da sukuk don gina hanyoyi, da kaɗan ma ana shiga. Fili mai takarda sahihiya, ko a bayan gari ne, birni zai iske shi. Ga kiwo, in akwai amintaccen da zai kula. Abin da na fi so ka ji shi ne sana'a. Na ga abokan aiki da dama sun karɓi kuɗin sallama, sun buɗe shago ko sun sayi motar haya ba su san kan harkar ba, shekara ba ta zagayo ba jari ya tafi, ga shi ƙarfin sake farawa ya ƙare. Yanzu da albashi ke rufa maka asiri ne lokacin koyo, a ƙanƙance, yadda in ka yi asara ba za ta kwantar da gidanka ba.

Duk wanda ya ce zai ninka maka kuɗi cikin wata guda, ka tuna masa da MMM a 2016 da CBEX a 2025, ka wuce. Manhajojin ba da bashi a waya kuwa, ka goge su.

Saura maganar da ta fi mini nauyin faɗa. Mu mun taso ana ɗaukar 'ya'ya su ne fansho, kuma kai ka riƙe mu riƙon da ba abin da za mu ce sai Allah ya yi maka albarka. Sai dai ina kallon yadda ake rabon albashinka: mu, ƙannenka, biki, suna, gudummawar wane da wance, kai kuma kunya ta hana ka cewa babu. Zumunci ibada ne, ban ce ka yanke shi ba. Ka ware masa abin da za ka iya tun ranar da albashi ya shigo, in ya ƙare ka ba da haƙuri. Mun yi shawara da mahaifiyarka: daga wata mai zuwa ka raba abin da kake aiko mana biyu. Da ɗan fanshona da abin da gona ke bayarwa, rabi ya ishe mu. Ɗaya rabin ka zuba shi a asusun fanshonka a matsayin ƙari na ganin dama, ko ka tara ka sayi sukuk. Ba na so jikokina su taso su tarar da nauyin da ya fi wanda ka tarar. Wannan umarni ne, kada ka kira ni kana roƙo in janye.

In za ku zo da Sallah, ka taho da takardar bayanin asusun, mu zauna mu duba tare. Ka gaida mai ɗakinka da yaran.

Mahaifinka.