Kafin A Sauke Giya

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, labarin motata ne.

Da kuɗin littattafaina na sayi wata tsohuwar mota 'yar Kwatano, mai cin mutum bakwai, giyarta otomatik. Ƙanena ke jigila da ita tsakanin Haɗeja da Kano, da ita nake riƙe marayuna huɗu. A daminar 2022, lokacin ambaliyar kogin Haɗeja, ya kutsa da ita cikin ruwan da ya kwanta kan hanya wajen Auyo. Tun ranar ta canza hali. In an sa ta a D sai ta tashi da ƙyar kamar an ɗaure ta, in ta hau titi kuma ta ƙi canza giya, inji na ta kururuwa.

Bakaniken farko ko bonet bai buɗe ba ya ce, "Hajiya, giya ta mutu, sai an sayo wata." Kuɗin da ya faɗa daidai yake da abin da na tara na kayan ɗakin 'yata. Wallahi daren nan ban runtsa ba.

Washegari maƙwabcina ya raka ni wurin wani dattijon bakanike. Tambaya ya fara yi: yaushe ta fara, ta shiga ruwa? Ya sa aka ajiye ta a wuri miƙaƙƙe, inji ya yi zafi, ya bi da sandar giya kowane gurbi ya dawo P. Injin na aiki ya zaro gejin man giya ya goga a farar takarda.

"'Yata, kala uku man nan ke yi. Ja garau, lafiya. In ya yi baƙi yana ƙauri, faifan kuloci sun ƙone. In ya koma kamar an dama nono da zoɓo, ruwa ya shiga, ko ta ƙofar iskar giya ko ta lagireto. Wannan ne mugun, don yana ɓamɓare fatar kulocin."

Na leƙa gabana na faɗuwa. Ja ne.

"To Baba, me ke damunta?"

Ya sa yaronsa ya jona na'urar binciken mota a ƙarƙashin sitiyari, ta nuna sensar gudu ba ta aika saƙo. Aka zare soket ɗinta, cike da laka da tsatsa. Ashe in kwamfutar mota ta rasa saƙon nan sai ta kulle motar a giya guda, don kada a yi ɓarna. Aka wanke, aka busar, aka mayar. A hanyar Malam Madori ina zaune ina ƙirgawa, sau uku ta canza giya sumul.

Ni da nake cinye shafi ɗari kafin in yanke wa tauraruwar labarina hukunci, na kusa yanke wa motata cikin minti biyar. Don Allah kafin a sauke muku giya, ku ce a duba mai, a duba waya. Matambayi ba ya ɓata.

An kai amarya da kayanta cif. Alhamdu lillahi.