Ranar Asabar a Kure

Akwai wani iyali da suka zauna a Yamai shekara goma sha ɗaya. Maigidan ma'aikacin jinya ne, mutumin ƙasar Dakwaro cikin jihar Maraɗi, matarsa kuwa malamar makaranta ce. 'Ya'yansu uku ne, mace ɗaya a tsakanin maza biyu. Tsohuwarsa tana tare da su tun rasuwar mijinta. Cikin daminar 2019 takardunsu na ƙaura zuwa Kanada suka fito, bayan jira na shekara da shekaru. Sunaye biyar ne a cikin takardun. Na Kaka ba ya ciki, gama an shirya za ta koma Dakwaro wurin ƙanen maigidan.

Kaka ba ta hana su ba. Ranar da aka gaya mata, abin da ta ce shi ne, "Kowa ya bar gida, gida ya bar shi," ta shige ɗakinta. Daga ran nan ta rage magana, ta rage cin abinci. Gidan kuwa ya cika da hidima. Ana sayar da kujeru, ana rabon tukwane, uwargida tana auna akwatuna don kada ko ɗaya ya wuce kilo 23, tana cire zane ta sa kuka da busasshiyar kuɓewa. Kowa ya ga halin da tsohuwa take ciki, amma ba wanda ya san ta inda zai fara.

Saura mako biyu su tashi, sai yarinyar ta ce, "Baba, in sun tambaye ni a makaranta can ko na taɓa ganin raƙumin dawa, me zan ce?" Uban ya ji kunya. Kure ba ta wuce kilomita 60 daga Yamai ba, a kan hanyar Doso. Baƙi suna biyan kuɗin jirgi daga Turai don su zo su gani, shi kuwa shekara goma sha ɗaya yana cewa sai wani lokaci. Ya ari mota wurin abokin aikinsa. Ya durƙusa a ƙofar ɗakin tsohuwarsa ya ce, "Inna, gobe za mu kai yara daji. Ki zo mu tafi." Ta ce ƙafafunta suna ciwo. Sai autan ya kama zanenta yana roƙo, ta ce, "To, tun da maigidana ya ce in zo, ai sai in zo."

Da sassafe ran Asabar suka kama hanya. A Kure suka ɗauki ɗan jagora, wani Bazabarme mai jin Hausa, suka bar kwalta suka shiga daji. Ƙarshen damina ne, hatsi ya yi kai, wake ya yaɗu a ƙarƙashinsa. Wannan wuri ba gandu ne mai shinge ba. Gonakin mutane ne da ƙauyukansu, dabbobin suna yawo a tsakaninsu. Ɗan jagoran ya ce da damina suna hawa tudu su ci geza da sauran itatuwan jeji, da rani kuma su gangara kwarin Dallol Boso, inda gawo yake fid da ganye sa'ad da sauran itatuwa suka bushe. Kusan sa'a guda suna yawo ba su ga kome ba. Yara suka fara ƙorafi. Sau biyu mutumin ya hau kan mota yana hange.

Can sai ya ɗaga hannu ya ce a kashe mota. Ga kawuna sun ɓullo bisa itatuwa, ɗaya, biyu, har bakwai. Suna tafiya a hankali, ƙafafun gefe ɗaya suna ɗagawa tare, kamar tafiyar raƙumin gida. Jikinsu fari-fari ne da zane ruwan ƙasa. Akwai wani babban namiji wanda tsawonsa ya kusa mita 5, da wata uwa da ɗanta yana bin ta. Kusa da su wani manomi yana sunkuye a gonarsa, ko ɗaga kai bai yi ba. Yaran da suka cika mota da surutu suka yi tsit. Gani ya kori ji.

Ɗan jagoran ya yi musu bayani da murya ƙasa-ƙasa. Ya ce uwar takan ɗauki ciki wajen wata 15, ta haihu a tsaye, ɗan kuwa yakan faɗo da tsawon babban mutum. Ya sa ɗan farin ya taɓa wuyansa, ya ce masa ƙasusuwa bakwai ne a ciki, na raƙumin dawa ma bakwai ne, tsawo kawai suka fi. Ya ce a dā irin waɗannan suna ko'ina daga Sanagal har Tafkin Cadi, amma fari da farauta da saran daji suka cinye su, har a shekara ta 1996 aka ƙidaya 49 kaɗai, dukansu a wannan yanki. Da aka hana kisansu, mutanen ƙauyuka kuma suka yi haƙuri da ɓarnar da suke yi wa wake, sai suka ƙaru har suka haura 600.

Ba wanda ya lura da lokacin da Kaka ta sauko daga mota. Sai ganinta suka yi tsaye, ta dogara da sandarta, tana kallo. Ta daɗe kafin ta ce, "Ashe suna nan." Ta ce sa'ad da take yarinya, in sun tafi rijiya a arewacin Dakwaro da asuba, sukan gan su suna wucewa, uwarta takan ce kada a jefe su. Bayan yunwar 1973 da 1974 ba ta ƙara ganin ko ɗaya ba, ta ɗauka sun ƙare daga duniya. Ɗanta ya tsaya yana kallonta. Shekararsa arba'in da biyu, bai taɓa jin wannan labari ba, domin bai taɓa tambaya ba.

Ɗan jagoran ya ce, "Inna, ai an mai da su ƙasarku." Ya ba ta labari cewa a watan Nuwamba na 2018 an kama guda takwas a nan, aka sa su cikin manyan motoci, aka yi tafiyar fiye da kilomita 800 da su zuwa gandun dajin Gadabeji, inda aka yi kusan shekara 50 ba a ga irinsu ba.

Kaka ta ce, "Don me za a raba su da 'yan'uwansu?"

Ya ce, "Duka a wuri ɗaya suke, Inna. In cuta ta shigo, ko fari, sai su tafi gaba ɗaya. Ga gonaki suna ƙaruwa, wuri yana ƙanƙancewa."

"Uwayensu fa?"

"Matasa aka zaɓa. Manyan suna nan."

"Sun ci abinci da suka isa?"

"Sun ci, Inna."

Ba ta ƙara tambaya ba. Maigidan ya sunkuyar da kai, matarsa ta juya tana gyara ɗankwali.

Da rana ta yi tsaka suka shimfiɗa tabarma a inuwar wata aduwa. Uwargida ta buɗe kwanon dambu da kilishi. Kaka ce ta yi addu'a, ta ambaci sunan kowa, har ta roƙa wa dabbobi takwas ɗin nan lafiya a baƙon wuri, yara suna danne dariya. Sa'an nan ta ci, ta nemi ƙari. Da ta wanke hannu, sai ta dubi ɗanta, wanda ba ta taɓa kiran sunansa ba gama ɗan fari ne, ta ce, "Kai, ku tafi. Ni ce babbar da aka bari. Amma abu biyu nake so. A cikin gidanku a yi Hausa, kada wannan kishiya tawa ta dawo tana gaishe ni da hannu a aljihu. In kuma kun kira ni, kada ku ce lafiya lau in ba lafiya ba." Ya ce, "Na ji, Inna." Ya yi mata alkawari kuma, in sun zo hutu za su sake kawo ta Kure.

Wannan alkawari bai cika ba. Ran 9 ga Agusta, 2020, 'yan bindiga a kan babura suka kashe mutum takwas a dajin Kure, shida Faransawa ma'aikatan agaji, biyu 'yan Nijar, direba da ɗan jagora. Aka rufe wurin ga masu ziyara. Sa'ad da labarin ya kai gidansu a Kanada, yarinyar ta ɗauko hoton da aka ɗauke su ran nan ta ajiye a kan tebur, ba wanda ya iya cin abinci. Da sun ƙara cewa sai wani lokaci, da ba su je ba, da kuma Kaka ta koma Dakwaro da maganarta a ciki.

Mai shirin tafiya yakan cika kwanakinsa na ƙarshe da takardu da awon kaya, ya manta da wanda za a bari. Wani lokaci kuwa tsoho ba zai iya faɗin abin da ke ransa a cikin ɗaki ba, sai an fita da shi inda ido zai sami abin kallo.

Waɗanda aka kai Gadabeji sun zauna, daga baya har suka haihu a can. Ƙanen maigidan ne ya ji a rediyo ya gaya wa Kaka. Ran Lahadin da ta biyo, da aka kira ta bayan sujada, ba ta jira an gama gaisuwa ba. Ta ce a ba ta maigidanta, ta tambaye shi sunan dabbar nan mai dogon wuya. Yaron ya yi shiru, ya fara da Faransanci, ya tsaya, sa'an nan ya ce, "Raƙumin dawa, Kaka." Ta ce, "Madalla. To, gaya wa babanka sun haihu."